Wa Ya Tsaya Maka?

Duk wanda ya taɓa neman aikin direba, ko gadi, ko tsaron sito a wata masana'anta ya san takardar nan. Kafin a ce masa ya kama aiki, sai an ce ya kawo shaida daga mai unguwarsu. Sai ya yi sammako ya tarar da dattijon a ƙofar gida, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa ya kwashi gaisuwa, sannan ya ce, “Allah ya taimake ka, aiki na samu, an ce in kawo takarda.” Mai unguwa ba ya garaje. Zai tambaye shi ɗan gidan wane ne, ya tuno kakansa, wataƙila ma ya aika a kirawo wani babba daga gidan. In ya gamsu, sai a rubuta suna da lambar gida, a manna ƙaramin hoto, ya zaro hatimi daga aljihun 'yar ciki, ya danna shi a kan tawadar da ta fara bushewa, ya hura masa iskar baki, ya buga shi yadda rabi zai hau kan hoton, rabi ya sauka a kan takarda. Bugun nan na rabi da rabi shi ke hana wani ya ɓamɓare hoton ya liƙa nasa. In lamarin mai nauyi ne, takardar sai ta wuce gaban dagaci, daga nan ta je fadar hakimi, kowa ya ɗora nasa hatimin.

A ƙofar masana'antar, mai gadi bai san yaron ba, ba kuma aikinsa ba ne ya san shi. Hatimi ya sani. Ya duba takarda, ya ɗaga kai ya dubi fuska, ya ce, “Wuce, yaro.” Wannan tsari da muka tashi muka tarar, na a karɓi baƙo saboda wanda ya tsaya masa, shi ne abin da ke gudana idan aka saita sabar intanet ta riƙa neman satifiket daga duk wanda ya zo wurinta. Mai son yin saitin zai tarar rubutun da sabar ke bukata bai wuce layi uku ko huɗu ba. Abin da ba a cika gaya masa ba shi ne, daga ranar da ya rubuta layukan nan ya zama mai unguwa, ga hatimi a aljihu, ga rajista a hannu, kuma sarauta ce da ba ta da hutun ƙarshen mako.

Nuna takarda dai kullum ana yin sa a intanet, lura ce ba mu yi. Duk sanda ka buɗe shafin da adireshinsa ya fara da https, sabar ce ke miƙa wa burauzarka satifiket ɗinta: ga sunana, ga hukumar da ta tsaya mini. Burauza kuma tana ɗauke da samfurin hatimai sama da ɗari da ta yarda da su, sai ta gwada. Kai kuwa ba ka nuna komai. Sai an buɗe hanya tukuna ake tambayar ka suna da kalmar sirri. Kalmar sirri ko magana ce ta baki, wanda ya ji ta ya mallake ta. Ana leƙen ta ta bayan kafaɗa, ana cankar ta, ana kafa shafin bogi a yaudari mutum ya rubuta ta da hannunsa. In aka ce wa mai gadi duk wanda ya faɗi kalma kaza a buɗe masa, kafin mako ya zagayo har mai shayin bakin ƙofa ya haddace ta.

Shawarar a ce shi ma baƙo ya kawo tasa takardar ta daɗe. Tsarin rubuta satifiket, wanda ake kira X.509, ya fito tun 1988. Kamfanin Netscape ya fitar da SSL, tsarin da https ke hawa kansa, a 1995, aka gyara shi ya zama TLS a 1999, aka yi TLS 1.2 a 2008 da TLS 1.3 a 2018, kuma kowannensu ya tanadi gurbin da sabar za ta ce wa baƙo kai ma kawo taka. Yawancin shafuka ba sa taɓa gurbin, don kasuwa suke ci, so suke kowa ya shigo. Masu bukatar sa su ne masu ƙofar da ba ta kowa ba: shafin da ake sarrafa kamfani daga ciki, ko hanyar da kwamfutar banki ke magana da ta wani banki.

Sai dai sabar ba ta da ido, ba za ta dubi hoto ta dubi fuska ba. Satifiket kuma fayil ne da kowa zai iya kwafa. To me zai hana ɓarawo ya kwafi na wani ya miƙa? Lissafi ne ke hana shi. Kowane satifiket ana yin sa ne da tagwayen mabuɗai: na fili, wanda ake rubutawa a jikin satifiket kowa ya gani, da na sirri, wanda ba ya barin hannun mai shi. Abin da aka sa wa hannu da na sirri, ɗan'uwansa na fili ne ke gaskata shi, kuma ba a iya ciro na sirri daga na fili. Ka ce dangwale ne ya maye gurbin hoto. A jikin takarda akwai zanen babban yatsan yaron, mai gadi kuma ya miƙo masa tawada ya ce ya dangwala sabo a gabansa.

Ga yadda abin ke tafiya cikin ƙiftawar ido. Sabar ta aika saƙon da ake kira CertificateRequest, galibi haɗe da sunayen hukumomin da take karɓar hatiminsu. Burauza ta duba ma'ajiyarta ta zaɓo wanda ya dace, ko ta tambayi mai ita. Ta aika satifiket, ta bi shi da CertificateVerify, wato sa hannu da mabuɗin sirri a kan duk maganar da ta gudana tsakaninsu tun daga sallama. Da yake kowace ganawa tana da nata lambobin da ba a maimaitawa, sa hannun yau ba ya aiki gobe, na wannan ƙofa ba ya aiki a waccan. Shi ya sa mai shafin bogi ke tashi a tutar babu. Ko ya yi nasarar yaudarar mutum, abin da zai samu dangwale ne a kan takardar da ba ta da amfani a ko'ina, mabuɗin kuwa bai motsa daga na'urar mai shi ba. Akwai wani ƙaramin bambanci da ya kamata a sani: a TLS 1.2 satifiket ɗin baƙo a buɗe yake wucewa, mai saurare a hanya zai iya karanta suna da adireshin imel da ke jikinsa, amma a TLS 1.3 an rufe shi.

Tambayar farko ga mai saitin, tun kafin ya taɓa sabar, ita ce hatimin wa za a karɓa. A nan mutane da yawa ke yin tuntuɓe. Kowace kwamfuta tana zuwa da fayil guda mai ɗauke da hatiman manyan hukumomin duniya, kuma abu ne mai sauƙi mutum ya nuna wa sabar wannan fayil ya ce ki yarda da waɗannan. Wanda ya yi haka ya ce wa mai gadi ke nan ya buɗe wa duk wanda ya zo da takarda daga kowane mai unguwa a faɗin ƙasa. Takardar gaskiya ce, hatimin na gaske ne, amma me ya haɗa mai ita da masana'antarka? Tun ƙarshen 2015 hukumar Let's Encrypt ke ba duk mai sunan shafi satifiket kyauta, kuma shekaru da dama waɗannan satifiket suna ɗauke da alamar da ke halatta amfani da su a matsayin shaidar baƙo. A 2025 ne ta sanar cewa za ta daina sa alamar a 2026, saboda sabuwar ƙa'idar da masu burauzar Chrome suka gindaya. Ban da wannan, manyan hukumomin ma ba ma'asumai ba ne. A 2011 an kutsa cikin DigiNotar ta ƙasar Holan, aka buga satifiket na jabu sama da 500 da hatiminta, aka yi amfani da na sunan Google wajen leƙen asirin mutane a Iran, kuma kamfanin bai ga ƙarshen shekarar ba.

Saboda haka abin da ya fi shi ne ka sassaƙa naka hatimin. Da manhajar OpenSSL, aikin minti biyar ne: ka ƙirƙiri mabuɗin sirri, ka yi masa satifiket da ya sa wa kansa hannu, ka ba shi wa'adin shekara goma ko fiye. Wannan shi ne tushe, shi ne hakimi. Sauƙin yin sa ne ma ke sa a raina shi. Za ka ga an ƙirƙire shi a kan ita sabar da ke fuskantar duniya, an bar shi nan a kusa da sauran fayiloli, ba ko kalmar sirri a kansa. Alhali mai gadi ba ya bukatar hatimi. Samfurin bugunsa kawai yake bukata, a manna masa a bangon ɗakin gadi ya riƙa gwadawa. Sabar ma satifiket ɗin hukumar take bukata, ba mabuɗinta ba. Ranar da ɓarawo ya tsallako ya tarar da hatimin a aljihun tebur, zai zauna ya rubuta wa kansa takarda da duk sunan da ya ga dama, har na manaja, kuma babu ta yadda za a bambance ta da ta gaskiya. Mabuɗin tushe wurinsa na'urar da ba ta haɗe da intanet, ko kati na musamman a cikin sef. Masu lura sukan ƙara mataki: tushe ya naɗa hukuma ta tsakiya, ita ce za ta riƙa buga takardun yau da kullum. Hakimi ba ya zaman rubuta wa kowane yaro takarda. In hatimin na ƙasa ya ɓata, sai na sama ya soke shi ya naɗa sabo, ba sai an rushe masarauta duka ba.

Sai bayar da takardun. Hanyar da ta dace ita ce mai nema ya ƙirƙiri tagwayen mabuɗansa a kan na'urarsa, ya aiko da takardar roƙo da ake kira CSR, mai ɗauke da sunansa da mabuɗin fili kaɗai, kai kuma ka buga hatimi ka mayar masa. A jikin satifiket ɗin a sa alamar clientAuth, wadda ke cewa an yi shi ne don shaidar baƙo, kamar yadda ake rubuta wa takarda dalilinta don kada wadda aka bayar domin makaranta ta je neman aiki. Abin da aka fi yi a ofisoshi kuwa daban ne. Mai kula da kwamfutoci shi ke ƙirƙirar komai, ya dunƙule satifiket da mabuɗin sirri a fayil guda mai ƙarewa da .p12 ko .pfx, ya sa masa kalmar sirri, ya tura ta WhatsApp, sannan ya turo kalmar sirrin a saƙo na gaba. Yanzu babban yatsan yaron yana da kwafi a wayar mai turawa, da wayar mai karɓa, da duk inda wayoyin ke ajiye bayanansu. Ba na ɗora wa ma'aikatan laifin duka, don masu burauza ma ba su taimaka ba. A da akwai hanyar da shafi zai sa burauza ta ƙirƙiri mabuɗi da kanta, sai Chrome ya cire ta a 2017, Firefox ya bi sahu a 2019. Amma aƙalla a miƙa fayil ɗin hannu da hannu, a faɗi kalmar da baki, a goge kwafin da ya rage. Kuma kada a manta tambayoyin nan na mai unguwa. Wanda ya buga wa mutum hatimi don kawai ya ga imel mai cewa “ni ne sabon akanta” ya yi aikin baban giwa, komai ƙarfin lissafin da ke bayan satifiket ɗin.

Gaskiyar magana, tsarin ya fi jituwa da na'urori a kan mutane. Kwamfuta ba ta mantuwa, ba ta canza waya, ba ta rikicewa in wani akwati ya fito yana tambayar ta wane satifiket za ta zaɓa. Shi ya sa bankunan Birtaniya da na Tarayyar Turai ke amfani da shi wajen tantance kamfanonin da ke shiga asusun mutane da izininsu, kuma da shi sassan manhajar Kubernetes ke gane juna. Mutum kuwa sai an zaunar da shi an koya masa shigar da fayil, a Windows hanya daban, a Android daban, Firefox kuma da tasa ma'ajiyar. Babu kuma maɓallin fita na kirki: da zarar burauza ta zaɓi satifiket, sai ta ci gaba da miƙa shi har a rufe ta gaba ɗaya. A ofishin da mutum uku ke raba kwamfuta ɗaya, wannan matsala ce ta gaske. Inda abin ya karɓu a hannun jama'a, kamar rundunar sojan Amurka da ƙasar Estoniya, mabuɗin a cikin katin shaida yake, ba ya fitowa, sai an zura katin an danna lambar sirri.

Saitin kansa ba shi da yawa. A manhajar sabar Apache, SSLCACertificateFile ke nuna fayil ɗin samfurin hatimi, SSLVerifyClient require ke cewa ba takarda ba shiga, SSLVerifyDepth kuma ke faɗin hawa nawa za a bi wajen binciken wanda ya tsaya wa wane. Asalinsa 1 ne, saboda haka mai hukuma ta tsakiya sai ya mayar da shi 2, in ba haka ba mai gadi zai ga hatimin dagaci ya ƙi ɗaga kai ya ga na hakimi. A takwararta nginx sunayen su ne ssl_client_certificate, da ssl_verify_client on, da ssl_verify_depth. A IIS na Microsoft zaɓi uku ne ake dannawa: ƙyale, karɓa, ko tilasta.

Wahalar tana fitowa ne ranar da aka hana wani shiga. Apache in an ce masa require, katse ganawar yake yi tun kafin a kai ga shafi, sai burauza ta nuna wani kuskure da ba mai gane kansa, mai gadi ya rufe ƙofa bai ce uffan ba. nginx yakan mayar da lamba 400 da ɗan bayani cewa ba a aiko da satifiket ba. IIS ya fi su baki: 403.7 babu takarda, 403.13 an soke ta, 403.16 ba a san hatimin ba, 403.17 wa'adinta ya wuce ko bai kama ba. Don a samu damar yi wa mutum bayani cikin mutunci, wasu kan sa optional maimakon require, sannan su duba sakamakon da kansu, a nginx ta $ssl_client_verify, wanda ke cewa SUCCESS in komai ya yi daidai. Dabara ce mai kyau, muddin ba a manta duban ba. In an manta, an samu mai gadin da ke tambayar takarda da murya mai kauri, kuma ko ba a ba shi ba ya buɗe. Saboda wannan, gwajin da ya fi muhimmanci shi ne na ƙi. Kowa yakan gwada da takarda mai kyau ya ga ta shiga ya yi murna. Ka ɗauki manhajar curl ka je ba takarda, ka koma da wadda wani hatimi daban ya buga, ka koma da wadda ta ƙare, ka tabbata duk an koro ka.

Wucewa ƙofar waje kuma ba izinin shiga ofishin kashiya ba ne. Satifiket yana faɗin ko wane ne mutum, bai faɗi abin da aka yarda ya taɓa ba. Sabar tana ciro sunan da ke jikinsa, a Apache ta SSL_CLIENT_S_DN, a nginx ta $ssl_client_s_dn, sai ita ko manhajar da ke bayanta ta duba wannan suna a jerin izini. Yawanci ma nginx a bakin ƙofa kawai yake, ainihin manhajar tana can ciki, sai ya rubuta sunan baƙon a kan bukatar ya tura mata, kamar mai gadi ya rubuta a 'yar takarda cewa “na duba, wane ne” ya ba yaro ya shiga da ita. Abu biyu ke ɓata wannan. Na ɗaya, baƙo ya zo da tasa 'yar takardar da ya rubuto daga gida. Dole sabar gaba ta goge duk irin wannan rubutu da ya zo daga waje ta sa nata. Na biyu, ƙofar baya: in ana iya kaiwa ga manhajar ciki kai-tsaye ba ta hannun nginx ba, duk wanda ya gano lambar ƙofar zai rubuta sunan da yake so ya miƙa. Sai a 2023 aka fitar da takardar RFC 9440 da ta tsara yadda za a riƙa miƙa wannan bayani, kafin nan kowa da irin nasa.

Wani abin da ke ba mutane mamaki shi ne son a bar shafi a buɗe ga kowa, a nemi satifiket a wani lungu nasa kaɗai. A da ana yi, ta hanyar sake ganawa a tsakiyar zance. A 2009 aka gano babbar ɓaraka a wannan hanya, aka toshe a 2010, TLS 1.3 ya cire ta ɗungurungum, abin da ya kawo a madadinta kuma HTTP/2 ya haramta shi. Kada ka wahalar da kanka. Ka ba sashen da ake tsarewa nasa sunan shafi daban, da tasa ƙofar.

Yanzu ga inda sarautar ke da nauyi. An sallami yaron nan daga aiki ranar Talata, ko an sace masa jaka a tasha. Takardar tana nan lafiya lau, hatimi bai goge ba, wa'adinta sai baɗi. Mai gadi zai buɗe wa mai ita, sai fa in an kawo masa jerin sunayen da aka soke. Jerin nan shi ake kira CRL, hukumar ce ke buga shi ta sa masa hannu, kuma yana da tarkuna. A Apache 2.4, nuna fayil ɗin da SSLCARevocationFile bai wadatar ba, sai an kunna SSLCARevocationCheck, don asalinsa a kashe yake. Jerin yana rataye a bango, ba wanda ya ce wa mai gadi ya karanta. A nginx, in ka sa ssl_crl, yana neman jerin kowace hukuma da ke cikin silsilar, har da tushe, kuma ba ya ganin sabon jeri sai an sa shi ya sake karanta saitinsa. Mafi cizo shi ne jerin kansa yana da wa'adi, kwana 30 a saitin da OpenSSL ke zuwa da shi. Ranar da ya ƙare ba a sabunta ba, sabar ba za ta ce to a ci gaba da tsohon ba, kowa za ta hana shiga, har mai kamfani. An gudu gara an faɗa gidan zago. Wanda ya kunna wannan bincike bai sa na'ura ta riƙa sabunta jerin da kanta ba, wata guda ya ba kansa kafin wayarsa ta fara ruri da asuba.

Akwai OCSP, inda sabar ke tambayar hukuma nan take ko takarda kaza tana da rai, nginx ya samu wannan a 2020, amma sai ka tanadi wata na'urar da ba ta barci don amsa tambayar. Kubernetes kuwa ba ya duba soke satifiket sam. Shi ya sa da yawa suka koma gajarta wa'adi: manhajar Istio takan ba sassanta satifiket na awa 24, ana sabuntawa ba da sa hannun mutum ba, wanda aka sace ya mutu da kansa kafin gobe war haka. Ga ƙaramin ofis mai ma'aikata ashirin, ni abin da nake gani ya fi shi ne wa'adin wata shida ko shekara, da jerin waɗanda aka yarda su shiga a cikin manhajar kanta, yadda cire suna ɗaya zai rufe ƙofa nan take ko da CRL ya makara.

Estoniya ta ɗanɗana wannan a sikelin ƙasa. Tun 2002 take ba 'yan ƙasa katin shaida mai satifiket a ciki, da shi suke shiga banki, su duba bayanan asibiti, har su kaɗa ƙuri'a. A 2017 masu bincike a Jami'ar Masaryk da ke Jamhuriyar Cek suka gano cewa wasu ƙwayoyin lantarki na kamfanin Infineon suna haifar da mabuɗai masu rauni, waɗanda za a iya lissafo na sirrinsu daga na fili. Katunan Estoniya sama da 700,000 abin ya shafa, a ƙasar da mutanenta kimanin miliyan 1.3 ne. A watan Nuwamba gwamnati ta dakatar da satifiket ɗinsu, jama'a suka sabunta, wasu daga gida ta intanet, wasu a layin ofisoshin 'yan sanda. An sha wuya, amma an iya, don akwai rajistar da ta san kowane kati da mai shi, akwai kuma hanyar sokewa da sabobin ƙasar ke dubawa da gaske. Mai ofis ɗin da bai rubuta lambar kowane satifiket da sunan wanda ya karɓa da ranar ƙarewarsa ba, ko mutum goma ne, ba zai iya abin da suka yi ba.

Saura maganar lokaci. Kowane satifiket yana da ranar farawa da ranar ƙarewa, sabar kuma da agogonta take hukunci. Tsohuwar kwamfutar da ƙaramin batirin cikinta ya mutu, in aka ɗauke wuta aka dawo da ita, takan farka tana zaton shekarun baya ake ciki, sai ta ga duk takardun da ake miƙo mata lokacinsu bai yi ba tukuna, ta kori kowa. A inda wuta ke zuwa tana tafiya, sa sabar ta riƙa daidaita agogonta da NTP yana cikin aikin, ba ƙari ba ne.

Shi kansa tushen yana ƙarewa. Shekara goma tana da nisa ranar da ake rubuta ta, amma takan cika bayan wanda ya yi saitin ya daɗe da barin wurin, ba wanda ya san inda mabuɗin yake balle kalmar da ke buɗe shi, kuma a safiya ɗaya duk takardun da ke ƙarƙashinsa su faɗi tare. Maganin ba wuya in an fara da wuri. Fayil ɗin da ake nuna wa Apache ko nginx yana ɗaukar satifiket fiye da ɗaya, a jera su wani bayan wani. Shekara guda ko fiye kafin wa'adi, a ƙirƙiri sabon tushe, a sa shi a fayil ɗin kusa da tsohon, sabar ta riƙa karɓar duka biyun. Duk wanda ya zo sabuntawa a buga masa da sabon. In rajista ta nuna takarda ta ƙarshe mai tsohon hatimi ta ƙare, sai a cire shi daga fayil ɗin, a sa sabar ta sake karanta saitinta, a gwada da tsohuwar takarda a ga an koro ta.